Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dattawan Ikilisiyarmu: A Dawo Mana Da Ajin Almajiranci

Baba Fasto da iyayenmu dattawa,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Mun san nauyin da ke wuyanku ba ƙarami ba ne, mun kuma san irin zaman da kuke yi har dare ya raba a kan al'amuran ikilisiyar nan. Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi, ya saka muku da alheri.

Ni ɗaya ne daga cikin malaman ajin almajiranci, kuma ba da yawun kaina kaɗai nake magana ba. Mun zauna mu malamai, da waɗansu iyayen yara, da sababbin masu bi da ke jiran baftisma, aka ce ni in riƙe alƙalami. Ni ɗa ne a gabanku, na kuma san abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Amma gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Sau biyu muna kawo maganar nan da baki, ana ce mana mu yi haƙuri za a duba. Tun da a gaban jama'a aka yi sanarwar dakatar da ajinmu, mun ga ya dace jama'a su ji damuwarmu su ma, don kada ta koma gunaguni a ɓoye.

Ga abin da magatakarda ya karanta mana bayan sujada. An dakatar da ajin sababbin tuba, da ajin baftisma, da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, har sai an kammala ginin sabuwar majami'a. Ɗakin da muke taruwa ya zama ma'ajiyar siminti da katako. Malamai kuma an rarraba mu cikin kwamitocin tara kuɗi. Ba a faɗi ranar da za a dawo ba, domin ba wanda ya san ranar da ginin zai ƙare. Kada a fahimce mu a baibai: muna son ginin nan. Mu ma ruwa yana zubo mana a tsohuwar majami'a, mu ma mun yi alkawarin gudummawa muna kuma cikawa. Abin da muke kuka da shi kalma ɗaya ce da ta fito cikin sanarwar, wato "tukuna".

Damuwarmu ta farko ita ce mutanen da suka fito gaba a taron farkawa da ya wuce. Ku kuka gayyato mai wa'azi, ku kuka tsaya kuka ɗora musu hannu, muka rubuta sunayensu muna murna. Yau idan kuka tambaye ni ina suke, kaɗan zan iya nuna muku. Akwai wani saurayi a cikinsu da ba zan manta ba. Ya fito ne daga rayuwar shaye-shaye, ya kuma faɗa mini da bakinsa cewa yammacin tsakiyar mako shi ne lokacin da ya fi tsoro, domin a lokacin ne tsofaffin abokansa suke zuwa nemansa. Ajin nan ne ya zame masa mafaka. Makon da aka rufe, bai ji sanarwar ba, ya zo da Littafinsa a hannu ya tarar da buhuna har bakin ƙofa. Ya kira ni ya ce, "Malam, an canza wuri ne?" Na ce masa an ɗage ne na ɗan lokaci. Ya ce to. Ranar Lahadi biyu ya ƙara zuwa, daga nan shiru. Na je gidansu, ya gaishe ni da ladabi, idonsa a ƙasa, ya ce zai dawo idan an fara. Ban ce laifinku ne kaɗai ba, ni ma da nawa, domin ya kamata in ce masa ya zo gidana a ranar. Amma Ubangiji ya riga ya gaya mana a Matiyu sura 13 abin da ke samun irin da ya faɗi a bakin hanya, da wanda ya tsiro bai yi saiwa ba. Tsuntsaye ba sa jiran a gama rufin gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muka tsaga.

Akwai kuma wata uwa da ba ta iya karatu ba. Wa'azin Lahadi tana ji, amma ba a ɗaga hannu a yi tambaya a tsakiyar wa'azi. A ajin nan ne kaɗai take iya cewa, "Ban gane ba, a maimaita." Da ka take haddace ayoyi, ta koma gida ta koya wa jikokinta. Ita rufe ajin nan daidai yake da an ɗauke mata Littafi Mai Tsarki ɗungurungum.

Abu na biyu, shi ne ya fi ci mini rai, kuma a kansa zan ɗan daɗe. Shawarar majalisa ita ma wa'azi ce. Jama'a suna sauraron abin da ake faɗa daga mimbari, amma sun fi koyo daga abin da shugabanni suka sa gaba da abin da suka tura baya. Shekara da shekaru muna gaya wa matasa kada su ce sai sun gama makaranta, ko sai sun sami aiki, ko sai sun yi aure, kafin su ba da kansu ga Almasihu. Yanzu da wane baki zan faɗa musu haka? Wata yarinya a ajinmu ta riga ta jefo mini tambayar, ba da rashin kunya ba: "Malam, idan ikilisiya za ta iya ajiye nazarin Maganar Allah har ta gama gini, me ya hana ni ajiye tawa har in gama jarrabawa?" Na rasa amsa. Ina roƙonku ku ba ni ita, idan kuna da ita.

Ku dubi Luka 9:57-62, wurin da ku kuka koya mana. Yesu ya riga ya nufi Urushalima, ya san abin da ke jiransa. Ya ce wa wani, "Bi ni." Mutumin bai ƙi ba. Cewa ya yi a bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna. Wani kuma ya ce zai bi, amma a bar shi ya fara yin sallama da mutanen gidansa. Abin da ya kamata ya ba mu tsoro shi ne, babu wanda ya nemi izinin aikata zunubi a cikinsu. Binne mahaifi hakki ne, girmama iyaye yana cikin Dokoki Goma. Sallama da dangi ladabi ne. Da abubuwa masu kyau suka so su sa Ubangiji jira, ya kuwa ƙi. Ya ce wanda ya kama garma yana waiwaye bai dace da Mulkin Allah ba. Haka ma a misalin babban biki a Luka 14: ɗaya ya sayi gona, ɗaya ya sayi shanun noma guda 10, wato biyu-biyu har kashi 5, ɗaya ya yi sabon aure. Duka halal ne, duka kuma suka rasa bikin. Ginin majami'a abu ne mai kyau ƙwarai. Shi ya sa ma ya fi haɗari, domin da mugun abu ne ya zo ya ture almajiranci, da dukanmu mun tashi tsaye a kansa.

Wani zai ce ai Iliya ya bar Elisha ya koma ya yi sallama da iyayensa. Gaskiya ne, yana nan a 1 Sarakuna 19. Amma a duba abin da Elisha ya koma ya yi: ya yanka shanun da yake noma da su, ya hura wuta da kayan noman ya dafa naman, ya raba wa mutane, ya tashi ya bi Iliya. Ya koma ne ya toshe wa kansa hanyar dawowa. Bitrus da Andarawas kuwa, Markus ya ce nan da nan suka bar tarunansu, Yakubu da Yahaya suka bar mahaifinsu Zabadi a cikin jirgi tare da ma'aikata. Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji ana tsakiyar aiki. Ban ga inda Ubangiji ya kira wani ya kuma ba shi wa'adin gama hidimarsa ba.

Na uku, maganar littafin annabi Haggai. Na ji an kafa hujja da shi a ranar ƙaddamar da gidauniya, cewa Allah ya tsawata wa mutanensa don sun zauna a gidaje masu kyau gidansa yana kango. Haka ne. A shekara ta biyu ta mulkin Dariyus sarkin Farisa, wato shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, mutanen da suka komo daga bauta a Babila sun bar aikin Haikali a tsaye shekaru da yawa bayan an sa harsashi. Amma mene ne ainihin maganar da Allah ya kama su da ita? Cewa suke yi lokaci bai yi ba tukuna. Ba su ce ba za su gina ba. Kuma abin sha'awa, saƙon ya zo a rana ta 1 ga wata na 6, a rana ta 24 ga wannan watan suka kama aiki. Kwana 23 kacal tsakanin jin magana da biyayya. To, a Sabon Alkawari wane gida ne na Allah? Bulus ya ce wa Korantiyawa su ne haikalin Allah, Ruhunsa yana zaune a cikinsu. Bitrus ya ce mu duwatsu ne masu rai da ake gina gida na ruhu da mu. Idan haka ne, iyayena, saƙon Haggai kanmu ya juyo. Gidan da aka bari kango a yau shi ne saurayin nan, da uwar nan, da yaran da ke jiran baftisma, kuma mu ne masu cewa lokaci bai yi ba.

Tarihin ikilisiya ma bai goyi bayan jiran gini ba. Ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma, aya ta gaba kuma, Ayyukan Manzanni 2:42, ta ce suka lizimci koyarwar manzanni. Ba su da ko ɗaki ɗaya da za su kira nasu. A Filibi, a bakin kogi Bulus ya sami Lidiya da sauran mata. A Afisa, a makarantar wani mutum mai suna Tiranas ya riƙa koyarwa kowace rana har shekara 2, har dukan mazaunan lardin Asiya suka ji Maganar. A Roma yana tsare, a gidan haya ya yi shekara 2 yana karɓar duk mai zuwa yana koya masa. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujadar Kirista da masu tonon kayan tarihi suka gano yana Dura-Yurofos, a bakin kogin Yufiretis a ƙasar Siriya, kuma gidan zama ne aka gyara wajen shekara ta 240, aka rushe bango tsakanin ɗaki biyu don jama'a su sami wurin taruwa. Ɗakin da suka fi ƙawatawa a gidan shi ne na baftisma, da zanen Makiyayi Mai Kyau ɗauke da tunkiya a saman wurin ruwan. Manyan majami'u sun yawaita ne bayan shekara ta 313, da aka ba Kirista 'yancin yin addininsu a daular Roma. Kusan shekara 300 ke nan ikilisiya tana yin almajirai tana ratsa ƙasashe, mafi yawa daga cikin gidajen mutane. Mu kuma ɗaki ɗaya aka cika da siminti muka ce aiki ya tsaya.

Na huɗu, baftisma. Na san a nan akwai mai cewa gaggawa ba ta da kyau, kuma ina tare da shi rabin hanya. Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Wata tsohuwar ƙa'idar ikilisiya ta ƙarnonin farko ta tsara shekara 3 ana koyar da mai neman baftisma, ko da yake ta ƙara da cewa idan mutum ya nuna himma, halinsa za a duba, ba tsawon lokacin ba. Amma ku lura, waccan jira cike take da koyarwa da addu'a da bincike. Tamu jiran babu komai a cikinta. Sannu ba ta hana zuwa, haka ne, amma ga mai tafiya ake faɗar haka, ba ga wanda aka zaunar ba. Mutumin Habasha da ya ga ruwa ya tambayi Filibus abin da zai hana a yi masa baftisma, Filibus bai ce ya jira ba. Mai tsaron kurkukun Filibi a cikin daren da ya ba da gaskiya aka yi masa, shi da mutanen gidansa, bayan an faɗa musu Maganar Ubangiji. Mu muna da mutanen da suka kusa gama darussa, saura kaɗan, aka tsayar da su. Jibin Ubangiji yana wucewa ta gabansu suna kallo.

Agustin, babban malamin ikilisiya da aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin kansa cewa yana yaro ya kamu da ciwo mai tsanani, ya roƙa a yi masa baftisma. Mahaifiyarsa Monika ta fara shiri, sai ya warke, aka ɗage. Manya sun ga gara a bari ya wuce ƙuruciya tukuna. Ya shiga duniya, ya yi shekara 9 cikin wata ƙungiyar bauɗaɗɗiyar koyarwa, har ya kai yana addu'a Allah ya ba shi kamun kai amma ba yanzu ba. Sai a shekara ta 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a birnin Milan, yana da shekara 32. Shi kansa daga baya ya yi tambaya ko ɗagewar nan alheri ce aka yi masa. Allah cikin jinƙansa ya dawo da Agustin. Sai dai Littafi ya ba mu labarin wani da bai nuna mana dawowarsa ba. Gwamna Filikus a Kaisariya ya saurari Bulus yana magana a kan adalci da kamun kai da hukunci mai zuwa, tsoro ya kama shi, ya ce Bulus ya tafi tukuna, in ya sami zarafi zai kira shi. Ya yi ta kiransa kuwa, amma da fatan samun kuɗi. Shekara 2 suka wuce, aka canza shi da Festas, ya tafi ya bar Bulus a ɗaure. Tsoron nan na ranar farko ba mu ƙara jin labarinsa ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma zuciyar da Ruhu ya taɓa yau ba wanda ya ba mu tabbacin za ta kasance da taushi idan an gama fenti.

Na biyar gajere ne. An kwashe malamai an sa su bin mutane da takardun alkawari. Manzanni sun gamu da irin wannan a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafi a kan rabon abincin gwauraye. Ba su raina aikin ba, amma suka ce bai dace su bar Maganar Allah su koma hidimar rabo ba. Aka zaɓi mutum 7, har da Istifanas, aka danƙa musu. Aya ta 7 ta ce Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, yawan almajirai ya ƙaru ƙwarai. A cikinmu akwai 'yan kasuwa da masu lissafi da magina da suka fi mu iya wannan aikin nesa ba kusa ba, waɗansunsu ma suna jira ne a neme su. Ni dai ban iya roƙon kuɗi ba, kwamitin ma ya riga ya gane haka.

Akwai wani abin da ban so in faɗa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 'yan makonnin nan, sanarwar gini da kiran sunayen masu alkawari suna cin lokacin da ya fi na wa'azi. Baƙon da ya shigo cikinmu a karo na farko zai fita ya san adadin tagogin da suka rage, bai san yadda zai sami ceto ba. Matasa kuma da suka rasa wurin yin tambaya ba su daina tambaya ba, waya suka koma. Can akwai masu koyarwa iri-iri da ba sa dakatar da ajinsu ko rana ɗaya, waɗansu suna sayar da mu'ujiza, waɗansu suna sa rana ga zuwan Ubangiji, waɗansu suna rushe bangaskiyar gaba ɗaya. Mun riga mun fara jin maganganunsu a bakin yaranmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan ba mu tanƙwara ba, wani yana nan yana yi.

Baba Fasto, ku yi mini haƙuri in taɓo tarihina kaɗan, domin ɗaya daga cikinku yana ciki. Ni ma ɗan "tukuna" ne. A cikin ikilisiya na girma, na iya waƙoƙi, na iya amsa tambayoyin Makarantar Lahadi, amma duk lokacin da aka yi kira sai in ce wa zuciyata ba yanzu ba, bari in ɗan ji daɗin samartaka. Wani dattijo da ke zaune a majalisar nan yau shi ya tsare ni wata rana ya ce, "Ɗana, gobe ta Allah ce, ba taka ba ce, da me za ka yi alkawari da ita?" Bai tsaya nan ba. Kowane mako yana zuwa inda nake, wani lokaci a gajiye daga aiki, mu karanta Bisharar Markus sura-sura. Ba aji, ba allo, ba ɗaki. A lokacin ana gyaran tsohuwar majami'ar nan ma, bai ce in jira a gama ba. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Abin da ya yi mini shi nake roƙo a bar mu mu yi wa waɗansu, shi ne kuma abin da Bulus ya umarci Timoti: abin da ka ji, ka danƙa wa amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu.

Umarnin ƙarshe da Ubangiji ya bari a Matiyu 28 shi ne a je a almajirtar da dukan al'ummai, ana yi musu baftisma, ana koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Abubuwan nan biyu, baftisma da koyarwa, su ne daidai waɗanda sanarwar ta dakatar. Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi muku biyayya domin kuna tsaron rayukanmu a matsayin waɗanda za su ba da lissafi. Muna yi muku biyayya, shi ya sa ba mu buɗe aji a bayan idonku ba. Amma rabin ayar na biyu ne ya hana mu yin shiru, don ba ma so ranar lissafi ta same ku da sunayen da ke cikin littafinmu ba a san inda suka shiga ba.

Ga roƙonmu.

Muna roƙo majalisa ta janye dakatarwar, a kuma sanar da haka daga wurin da aka sanar da ita, da ranar komawa a bayyane, kafin Jibin Ubangiji mai zuwa. Maganar ɗaki kada ta dame ku. Iyalai da dama sun riga sun ce a zo gidajensu, kuma tsohuwar majami'a a buɗe take a ranakun mako. Ku dai ku amince da gidajen, ku sa dattijo ɗaya ya riƙa lura da kowane rukuni don kada koyarwa ta karkace.

Muna roƙo a sake malaman almajiranci da na Makarantar Lahadi daga kwamitocin gini, a sa waɗanda Allah ya ba baiwar wannan aiki. Gudummawarmu ba za ta tsaya ba.

Muna roƙo a ɗauko sunayen duk waɗanda suka fito gaba a taron farkawa, a raba su tsakanin dattawa da malamai da shugabannin zumunta, kowa ya je ya nemo nasa da ƙafarsa cikin mako biyu. Saƙon waya ba zai wadatar ba. Waɗansu sai an zauna da su an ce musu mun yi kuskure da muka bar ku. Ni zan fara da saurayin nan, amma na san idan ya ga furfura a ƙofar gidansu abin zai fi shigarsa fiye da ganina. Daga yanzu kuma, duk wanda ya ba da kansa ga Almasihu ranar Lahadi, kada wata Lahadin ta zagayo ba a haɗa shi da wanda zai riƙe hannunsa ba.

Muna roƙo a sa ranar baftisma ga waɗanda suka kusa gama darussansu, a bar su su ƙarasa. Kuɗin da aka ware tun farko don littattafan darasi a bar shi a inda yake, kada a haɗe shi da asusun gini. A kuma taƙaita sanarwar gini a lokacin sujada, sauran bayani a manna a allo ko a kira taro na musamman.

Na ƙarshe, kuma wannan roƙo ne na ɗa ga iyayensa: idan majalisa ta zauna, kafin a buɗe maganar bulo da kwano, a fara da tambayar su wa suka tuba, su wa suka daina zuwa, wa ya je nemansu. Ko minti 15 ne. Za mu kuma yi murna ƙwarai idan kowane dattijo zai riƙa ɗaukar darasi ɗaya a ajin nan bi da bi, domin yaran su ji daga bakinku yadda kuka fara bin Yesu da abin da kuka bari saboda shi.

Idan a cikin maganata akwai wadda ta yi kaifi fiye da kima, ku ɗora wa ƙuruciya, ku gafarta mini. A shirye muke mu zo gaban majalisa a duk ranar da kuka kira mu, da littafin sunaye da jerin gidajen da suka buɗe ƙofa. Darasin da muka tsaya a kai yana nan da alama a shafinsa, muna jiran izininku mu ci gaba.

Ɗanku cikin Almasihu,
a madadin malaman ajin almajiranci, da iyaye, da masu jiran baftisma.